Ba kowace karkarwa ce ta iska ba: magana a kan mashayi da iyalinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A azumin bara, daren uku ga wata, an kawo mini wani magidanci bayan asham. Jikinsa na karkarwa, gumi na zuba, yana ta kakkaɓe riga wai ƙwari na hawansa. Ƙannensa suka ce, "Malam, iska ce, a taimaka da ruƙiyya." Na yi abin da ya sawwaƙa, sannan na sa uwargidana ta keɓe da matarsa. Da ƙyar ta faɗi gaskiya: ya fi shekara goma yana shan giya kullum, da wata ya kama sai ya rantse ya bari tashi ɗaya. Na ce a kai shi asibiti a daren nan, kar a jira safiya.

Ga dalili. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba da aiki a ƙarƙashin giya. In aka yanke ta kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa, barci ya ƙaurace, zuciya na bugawa. Wani sai ya faɗi kamar mai farfaɗiya. A kwana na biyu ko na uku ne ruɗewa ke zuwa, ya riƙa ganin abin da babu. Wannan halin yana kashewa, alhali likita na da maganin da ke kwantar da shi. Addu'a muna yi, ba mu fasa ba, amma ba ta hana zuwa asibiti. Haka nan in ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ko ya yi aman jini, to hanta ce ta taɓu, ba sammu ba ne.

Kar wani ya fahimce ni a karkace. Giya haramun ce, burkutu ce ko ta kwalba, kaɗan ko da yawa. Aya ta 90 a suratul Ma'ida ta rufe wannan ƙofa. Kuma saukowar hukuncin daki-daki, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, ba hujja ba ce ga mai cewa zai rage a hankali har abada. Niyyar bari yau ake ɗaura ta. Yadda jiki zai fita lafiya kuwa, wannan aikin likita ne.

To, mu kuma fa? A Sahihul Buhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya, har wani ya tsine masa. Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Mu a nan, wallahi, sai mu janye tabarma in ya shigo masallaci, mu daina kiransa ɗaurin aure. Abokan shansa kuwa ba sa korarsa. Wa kuke jin zai koma wurinsa?

Wadda ta fi kowa ɗanɗana kuɗa ita ce matarsa. Ita ke ɓoye sirri, ita ke sayar da tunkiyarta don cefane, ita ke ce wa yara babansu zazzaɓi yake. Ƴar'uwa, sanar da waliyyinki ko yayansa ba tonon asiri ba ne. In yana dukanki, a mazhabarmu ta Malikiyya alƙali na iya raba aure saboda cutarwa, kuma ba wanda zai ce ki zauna da yara inda ake tsoron rai. Ku kuma maza ku sani, a mashhurin mazhabar, sakin da mutum ya furta cikin mayen da ya jawo wa kansa da haramun yana aukuwa. Sau nawa aka zo mini da safe ana kuka, "Malam, ban san na faɗa ba."

Mutumin nan ya yi kwana shida a asibiti. Bayan sallah ya zame sau ɗaya, ya sake tuba. Yanzu ladaninmu ke biya masa da asuba su taho tare, albashinsa kuma, da yardarsa, a hannun yayansa yake shiga.