Kalmar Sirri Amana Ce: Ɗaure Taguwarka Kafin Ka Yi Tawakkali

Bayan sallar Isha'i a wani masallaci cikin garin Daura, wani dattijo ya tare ni da kuka. An buga masa waya aka ce za a sa shi a zauren wa'azi, ya karanto lambobi shida da suka shigo masa. Kafin gari ya waye an ƙwace WhatsApp ɗinsa, ana roƙon ɗalibansa kuɗi da sunansa. Da muka bincika, ashe shekarar haihuwarsa ce mabuɗin bankinsa, ita ce ta Facebook, ita ce ta wayarsa.

Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci mai taguwa ya ɗaure ta tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Kiyaye dukiya da mutunci kuwa suna cikin manufofin Shari'a. Yau ɗan kasuwar Mai'aduwa da manomin Baure duk a waya suke ajiya, don haka ɗaurin ya wajaba.

Manhajar adana kalmomin sirri, irin su Bitwarden ko ta Google, rumbu ce mai ƙofa ɗaya. Tana ƙirƙira wa kowane asusu kalma doguwa ta daban, kai kuwa uwar kalma guda za ka haddace. Ka tsawaita ta, kada ta zama sunan ɗanka ko lambar wayarka. A 2022 ɓarayi sun kwashe rumbunan masu amfani da LastPass, kuma masu raunin uwar kalma ne suka fi shiga haɗari. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu, kada ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka, ko da ya ce daga banki yake.

Wanda aka ba wa waya gyara, ko mai POS da ya ga lambar wani, ya tuna aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haramta leƙen asirin mutane.

Saura batun da muke mantawa: mutuwa. Kuɗin da ke asusunka haƙƙin magada ne, wataƙila har da bashi ko ajiyar wani. Ka rubuta uwar kalmar, ka rufe a ambulan, ka adana tare da wasiyyarka, amintacce guda ya san wurin. Kada tsaronka ya hana marayu gadonsu.

Allah Ya tsare mana imaninmu da dukiyarmu, Ya rufa mana asiri duniya da Lahira.