Zaman Safana: Maigida Na Kan Hanya, Uwargida Na Riƙe Da Gida

 Yau zancenmu a kan wani irin zama ne da ya yi yawa a ƙasarmu amma ba a cika maganarsa ba, watau zaman garin da maigida ke kwana a cikinsa alhali abincinsa yana wani gari. In kin so ki kira irin wannan wuri birni, gama akwai sakatariyar Ƙaramar Hukuma da makarantun sakandare da ofishin 'yan sanda. In kin so kuma ki kira shi ƙauye, gama bayan katangar gidanki gonar gero ce. Za mu ɗauki Safana ta zama misali, don ke da ake shirin kai ki can, da ke da kike ciki tun tuni.

Safana tana yammacin Jihar Katsina, nan ne mazaunin Yariman Katsina. Daga arewa akwai Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, daga kudu Ɗan Musa, daga gabas Dutsin-Ma, daga yamma kuwa dajin Rugu ne har iyaka da Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar mutum sama da 180,000, sai dai yawancinsu suna garuruwa da ƙauyukan kewaye, irin su Runka da Zakka da Babban Duhu. Da can, sa'ad da hedkwatar jiha take Kaduna, wanda ya samu aikin gwamnati sai ya ɗaura kayansa ya tafi. Amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aiki ya matso kusa. Ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a can a 2011. Daga Safana zuwa Dutsin-Ma tafiya ce 'yar kaɗan, daga can zuwa birnin Katsina kuma kamar sa'a guda a mota. To, mutumin da ke da ɗaki a gidan ubansa da gonar gado, me zai kai shi biyan haya? Sai ya zauna gida ya riƙa sammako. Wasu kuma akasin haka suke yi, iyalinsu na Dutsin-Ma ko Katsina, su zo aiki Safana da safe su koma da la'asar.

Ke uwargida, ki sani agogon irin wannan gida na tasha ne. Kafin a sallame asuba kin hura wuta, domin mai neman motar farko ba ya jiran koko ya huce. Da ya fita, shi ke nan, gidan ya dawo hannunki har magariba. Ke za ki tashi yara makaranta, ke za ki aika niƙa, ke za ki tsai da mai ga-ruwa ko ki tura yara burtsatse, ke za ki duba ko an ba awaki dusa. In yaro ya tashi da zazzaɓi da hantsi, babu wanda za ki leƙa zaure ki kira. Saboda haka tun da dare ake gama shawara, a ƙidaya kuɗin cefane, a ware na ko-ta-kwana, a kuma san wane ne cikin 'yan uwansa za a nema in wani abu ya taso. Matar da ta bari sai da safe, maigida na ɗaure takalmi tana lissafin gishiri da mai, ita ce kullum ake rabuwa da ita da ɓacin rai.

Amma fa zaman yana da daɗinsa, wanda 'yar uwarki ta birni ba ta samu. Ita komai sai ta auna a kasuwa, har ganyen miya. Ke kuwa in Allah ya ba da damina mai albarka, gero da dawa da wake suna cikin rumbu ko buhu, albashi kuma ya tafi ga sabulu da magani da kuɗin makaranta. Tsakar gidanki da faɗi, ga zogale a gefe, ga kuɓewa da yakuwa da damina, ga kaji suna kiwo. Nono da man shanu har ƙofar gida ake kawo miki. Mai ƙoƙari kan soya ƙuli-ƙuli ko awara, ko ta sayi gyaɗa da kaka ta ajiye sai ta yi daraja, ta kuma shiga adashi da matan unguwa. Ran suna kuwa ba ki rasa masu kama miki daka. Ko da yake, in faɗi gaskiya, inda kowa ya san kowa babu abin da ke ɓoyuwa: in maigida ya kwana biyu bai dawo ba, kafin ki buɗe baki an riga an yi miki fassararsa a gidan biki.

Abin da ya girgiza wannan lissafi shi ne kuɗin mota. Ran 29 ga watan Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ma har ta wuce naira 1,000. Ƙaramin ma'aikaci ya duba ya ga hanya za ta cinye masa albashi. Sai wasu suka koma kwana a wurin aiki, su tafi Litinin su dawo Jumma'a. Ke nan matar da aka aura a kan miji zai riƙa dawowa kullum ta wayi gari tana ganinsa kwana biyu a mako. In ke ce, kada ki ji kunyar neman a zauna a sake tsari. Abincin kwana biyar daban yake da na yini guda, haka nan tarbiyyar yaro namiji da ya fara tasawa ba ya ganin ubansa.

Sa'an nan ga maganar da ba mai son yi, amma ba ta tsallakuwa. Shekaru da dama ƙasar Safana da Batsari sun sha wuyar ɓarayin daji. A ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawan babur da dare. A watan Satumba aka katse layukan waya, ba a fara maido su ba sai a Disamba. Tambayi duk matar da mijinta ke bin hanya a wancan lokaci yadda magariba take yi mata, ba waya, ba labari, kunne na ƙofa. A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wasu Ƙananan Hukumomin yankin. Duk da haka dabi'ar da mutane suka koya tana nan: a baro wurin aiki da sauran rana, in dare ya yi wa mutum ya kwana inda yake. Kada ki matsa wa maigida lalle sai ya taho.

Mai juna biyu kuwa, ke ce kika fi kowa bukatar shiri. Ki riƙa zuwa awo a kan kari, ki tambayi ma'aikaciyar jinya tun da wuri ko haihuwarki ta gida-kusa ce ko ta babban asibiti. In an ce jininki na hawa, ko ɗan bai kwanta daidai ba, ko haihuwar fari ce kina da ƙuruciya, to gara watanki na kamawa ki koma wurin dangi a Dutsin-Ma ko Katsina, inda akwai asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Naƙuda ba ta san maigida yana wurin aiki ba, neman mota da tsakar dare kuwa ba abin wasa ba ne. Kayan haihuwa su zauna a ɗaure, lambar direba guda ko biyu kuma tana rubuce a takarda, ba a cikin waya kaɗai ba.

Ke kuma 'yar makaranta, na san rabin aikin da muka lissafa a sama kanki yake sauka, musamman in ke ce babba. Ɗebo ruwa, raino, kai niƙa, wani lokaci har da talla. Taimakon uwa wajibi ne, amma ki roƙe ta ta bar miki sa'a guda bayan la'asar, tun da sauran haske, don wutar lantarki ba abin dogara ba ce. Ku tafi makaranta a ƙungiya, ku dawo a ƙungiya, ban da ratse. Iyaye mata, ku ma ku duba. Asibitocinmu na karkara suna neman ungozoma da ma'aikatan jinya mata, makarantu na neman malamai mata, wadda aka turo daga nesa kuwa da la'asar take neman motar komawa. 'Yar gari ce za ta kwana a gari. Kwalejin da za ta ba 'yarki takardar malanta tana nan Dutsin-Ma, motar da ke kai ubanta aiki da safe ita ce za ta kai ta.