Rahar Da da Barkwancin Yanzu: Me Ya Sauya?

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A Manchok, ƙasar Moro'a, inda na tashi, da wuya a yi hirar wasan ban dariya dattijo bai kawo sunan Samanja ko Karkuzu ba, sannan ya ƙara da cewa na yanzu duk batsa ce da cin mutunci. Abin da nake so mu duba, ya mai karatu, shi ne me ya sa rahar da take da tsafta a kunnen mutane, kuma wane abu ne takamaimai ya sauya.

Mu fara da rubutu. Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito a 1934, bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya, Magana Jari Ce kuma ya biyo baya cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939. Dariyar da ke cikin Ruwan Bagaja tana fitowa ne daga wayo: Alhaji Imam ya shirya wa Malam Zurƙe gadar zare, gobe Zurƙe ya rama. Babu wanda ya yi nasara har abada, kuma mai karatu sai ya bi maganar da hankalinsa kafin ya dara. Don makarantu aka rubuta littattafan, saboda haka tun daga tushe an san malami zai karanta su a gaban yara.

Haka abin yake a rediyo da talabijin. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, kuma shirinsa na Samanja Mazan Fama ya gina shi a kan Hausar bariki, wadda ake cakuɗa ta da Turancin fareti, a sa wa mace "shi", a sa wa namiji "ita". A nan kudancin Kaduna wannan shiri ya samu karɓuwa ta musamman, domin gidaje da yawa suna da tsohon soja, kuma Hausar da muke yi a kasuwa da coci da tashar mota ba ta yi nisa da ta Samanja ba. Ba mu ji ana yi mana dariya ba, domin Samanja shi ne mai iko a cikin wasan, shi ke ba da oda, shi ke hukunci. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Karkuzu na Jos, su ma a gidajen talabijin na gwamnati suka yi suna. Akwatin guda ne a gida, wani lokaci guda ne a unguwa, suruki da surukarsa da jikoki duk suna gabansa. Kafin shiri ya fita kuma sai ya bi ta hannun furodusa. Wannan shi ya tsare bakin ɗan wasa, ba wai mutanen da ba su san batsa ba ne.

Sun san ta sarai. 'Yan gambara sun daɗe suna zuba ta a kasuwanni ba tare da sakayawa ba, kuma jama'a na ba su kuɗi. 'Yan kama kuwa suna kwaikwayon malami yana wa'azi, amma duk karatun a kan tuwo da nama yake. Bambancin shi ne kowace raha tana da muhallinta. Wanda ya tsaya gaban ɗan gambara ya san abin da ya je ji, in ya hango surukinsa sai ya sulale.

Sai kuma barkwanci na ainihi, wato wasan da ke tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari. Dokarsa ɗaya ce: wanda ka tsokana yana gabanka, kuma yana da ikon ramawa nan take.

To, wasan tsayuwa na zamani, inda mutum ɗaya ke riƙe da makirfo yana ba taro dariya, ya bunƙasa ne a Legas, musamman bayan da Opa Williams ya fara shirya taronsa na dare a 1995, kuma da Turancin buroka ake yin sa. Ya iso mana ta hannun masu gabatarwa a wajen biki, daga baya kuma ta Facebook da TikTok. Mai wannan sana'a yana bukatar dariya cikin 'yan daƙiƙoƙi, in ba haka ba a wuce shi da ɗan yatsa. Hanya mafi sauƙi ita ce jikin mace, ko nakasar wani, ko karin harshen wata ƙabila. Wanda aka tsokana kuma ba ya wurin balle ya rama. A ganina nan ne matsalar ta fi tsanani gare mu. Yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, ba wurin da za a ɗauki ba'a ga ƙabila ko addini da sauƙi ba ne. Abin da aka faɗa a zauren biki a gaban mutum ɗari, kafin gari ya waye yana cikin wayar wanda bai san mahallin maganar ba.

Wannan kewa ba mu kaɗai ke yin ta ba. A jihar Maharashtra ta Indiya, masu harshen Marathi suna kewar marubuci P. L. Deshpande, wanda ya rasu a 2000, suna auna matasan masu makirfo da shi.

Wani abin lura kuma shi ne ma'aunin da kansa yana tafiya. Yau matasa na ambaton Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, a matsayin misalin mai ban dariya mai tsafta. Amma a zamaninsa dattawa da shi suke kuka, suna cewa ya ɓata abin da su Ƙasimu Yero suka gina, har ma a 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta Kano ta ɗaure shi a kan fim ɗin Ibro Aloko.