Ciwon Marfan: yadda ake gane shi da yadda ake rayuwa da shi

Mene ne ciwon Marfan?

A jikin ɗan Adam akwai wasu zaruruwa masu ƙarfi da ke riƙe ƙasusuwa, gaɓoɓi, idanu da jijiyoyin jini. Ciwon Marfan lalura ce ta gado da ke raunana waɗannan zaruruwa. Wani likitan yara na ƙasar Faransa, Antoine Marfan, shi ne ya fara bayyana shi a shekara ta 1896, kuma a 1991 masana suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi, wadda ake kira FBN1. An ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5,000 ke ɗauke da shi, maza da mata, a kowace al'umma.

Ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa ta cuɗanya, kuma ba auren zumunta ke kawo shi ba. Idan uwa ko uba na da shi, yiwuwar kowane ɗa ya gaje shi rabi da rabi ce. Amma kusan mutum 1 cikin 4 masu ciwon, a kansa ya fara a cikin dangi.

Yaya ake gane shi?

Dogon mutum ba lalle ne yana da ciwon ba. Abin lura shi ne haɗuwar alamu da dama:

- tsawo da sirantaka, da hannuwan da idan an buɗe su, faɗinsu ya wuce tsayin mutum;
- dogayen yatsu da gaɓoɓi masu laushi;
- ƙirji mai lotsawa ciki ko mai turowa waje;
- karkacewar ƙashin baya;
- rashin ganin nesa tun yarinta, ko gocewar madubin cikin ido;
- ɗan uwa da ya rasu farat ɗaya yana matashi.

Ina haɗarin yake?

Babban haɗarin ba ya fitowa a fili. Babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya takan riƙa kumbura sannu a hankali, ba tare da zafi ba, har ranar da za ta tsage. Haka ya faru da Flo Hyman, shahararriyar ƴar wasan ƙwallon raga ta Amurka, wadda ta faɗi ta rasu ana cikin wasa a Japan a 1986. Sai bayan rasuwarta aka gane tana da ciwon.

Yadda za a nemi kulawa

A fara da cibiyar kiwon lafiya ta CSI ko asibitin gunduma, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Niamey, Zinder ko Maradi, don ganin likitan zuciya da likitan ido. Da yake ciwon ba shi da yawa, wani ma'aikacin lafiya bai taɓa haɗuwa da shi ba. Saboda haka ku faɗi alamun duka a tare, ku ambaci tarihin dangi, kada ku tsaya ga ciwon ido ko na baya kaɗai.

Awon da ya fi muhimmanci shi ne hoton zuciya na eko, a ƙalla sau ɗaya a shekara. Ku roƙi a rubuta faɗin jijiyar a takarda, ku adana takardun duka wuri guda, domin ta kwatanta awon bana da na bara ne likita ke sanin ko kumburin na ƙaruwa. Idan faɗin ya kai wajen santimita 5, akan ba da shawarar tiyata tun kafin jijiyar ta tsage.

Babu maganin da ke kawar da ciwon, amma atenolol da losartan suna rage saurin kumburin. Ana shan su kullum bisa umurnin likita, ko da jiki na lafiya.

Abin da ya kamata a kiyaye

- A guji kokawa, dambe da ɗaukar kaya masu nauyi kamar buhun hatsi. Tafiya da ƙafa tana da amfani.
- Kada a sayi ciprofloxacin da danginsa wurin masu tallar magani, domin suna iya ƙara raunana jijiyar.
- Mace ta ga likitan zuciya kafin ta ɗauki ciki, kuma ta haihu a babban asibiti.
- A kai iyaye, ƴaƴa da ƴan uwan mai ciwon a auna su.
- Yaro ya ci gaba da zuwa makaranta, a zaunar da shi gaban aji, a samo masa tabarau.

Idan aka ji zafi mai tsanani farat ɗaya a ƙirji ko baya, ko numfashi ya sarƙe, ko gani ya dushe nan take, a garzaya asibiti ko cikin dare ne, a faɗi sunan ciwon tun daga ƙofa.

A shekarun 1970 da yawa daga masu ciwon ba sa wuce shekara 40 zuwa 50. Yau, wanda aka gano da wuri kuma ya riƙe awo da magani, yana iya kai shekara 70 ko fiye.