YADDA AKE TADA INJI MAI TURBO DA SAHE

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ɗari ya sauko. Yanzu ne lokacin jigila. Motoci suna kwasar wake da aya a jihar Maraɗi. Masu noman rani a Jiratawa da Ƙwanni suna buƙatar tarakta. Nan gaba kaɗan albasar Galmi da ta Madawa za ta hito, manyan motoci su yi layi.

Da yawa daga cikin motocin nan da taraktocin nan suna da wani abu da ake kira turbo. Idan ya lalace, aiki ya tsaya. Kuɗinsa da yawa, kuma sau da yawa sai an aika Yamai ko Kano kahin a samo shi. Kaya ba ya jira. Tumatir ya ruɓe, albasa ta lalace, ƙungiya ta shiga bashi. Abin da ke rage wa turbo kwana yakan faru cikin mintocin farko na sahiya da mintocin ƙarshe na yamma. Shi ya sa muka kawo muku wannan bayani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa direba da yaron mota.

MENE NE TURBO?

Kowa ya san zugazugin maƙeri. Gawayi ɗaya ne, amma idan aka zuga, wuta ta hi ƙarhi. Inji ma wuta ce ke ci a cikinsa. Gazuwal ba ya ƙonewa sai da iska. Idan iska ta ƙaru, inji yana iya ƙona gazuwal mai yawa, ƙarhinsa ya ƙaru. Turbo shi ne zugazugin inji.

Yana gehen inji, manne da bututun hayaƙi. Siffarsa kamar katantanwa biyu da aka haɗa. A ciki akwai ƴan fankoki biyu, ƙarhe ɗaya ya haɗa su. Hayaƙin da ke hita daga inji yana juya fanka ta farko. Ita kuma ta juya ta biyu. Ta biyun ce ke jawo iska tana dannawa cikin inji.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis mai suna Alfred Büchi ne ya ƙago wannan dabara a shekarar 1905. An fara sa ta a manyan motocin kaya a 1938. Ƙananan motoci masu gazuwal sun samu turbo daga baya: Mercedes 300 SD a 1978, sai Peugeot 604 a 1979. Yau galibin sababbin motocin gazuwal da manyan taraktoci suna da shi. Ƙananan injunan ban ruwa da muke kaiwa fadama yawancinsu ba su da shi. Idan ka ga an rubuta Turbo, ko TD, ko TDI a jikin mota, to tana da shi.

DON ME YAKE TSORON SAHIYA?

Injin tarakta yana juyawa kamar sau 2.000 a minti ɗaya. Turbo kuwa yana wuce juyi 100.000 a minti ɗaya. Ƙarhen da ke tsakiyarsa ba ya taɓa komi. Yana yawo ne bisa man inji, mai ɗan siriri wanda bai kai kaurin gashi ba. Wannan mai daga cikin inji yake zuwa ta wani ƙaramin bututu. Idan man bai iso ba, ƙarhe ya goga ƙarhe.

Idan mota ta kwana, mai yana gangarawa ƙasan inji ya taru. Kuma yana yin kauri. Ku dubi man shanu da sahiyar ɗari, ku dube shi da tsakar rana. Man inji ba ya daskarewa haka, amma shi ma nauyi yake yi cikin sanyi. Sai ya ɗauki lokaci kahin ya hau ya kai ga turbo. A watannin Disamba da Janairu, awon sanyi da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15 a garuruwanmu. Man inji kuwa ya hi yin aiki daidai idan ya kai wajen digiri 90.

Don haka ko da bazara, injin da ya kwana injin sanyi ne. Direban da ya murɗa makulli ya danna wuta nan take, yana sa turbo gudu tun mai bai kai gare shi ba. Ba rana ɗaya yake mutuwa ba. Kullum yana ɗan cinyewa, har ranar da zai tsaya a tsakiyar daji.

ABIN DA ZA A YI DA SAHE

1. Kahin ka tada inji, zaro sandar awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu. Duba ruwa kuma. A yi wannan awo mota tana tsaye a wuri mai daidai.

2. Murɗa makulli mataki ɗaya, hitilu su kama. A motar gazuwal akwai wata hitila mai kama da waya da aka naɗe. Ita ke nuna ana ɗumama cikin inji. Jira ta mutu tukuna.

3. Tada inji ba tare da ka taka wuta ba. Idan bai tashi ba, kada ka riƙe makulli hiye da ƙirgen 10. Saki, ka huta rabin minti, ka sake gwadawa.

4. Dubi jar hitilar mai, wadda ke da hoton ƴar buta. Ya kamata ta mutu cikin ƙirgen 5 ko kusa da haka. Idan ta ƙi mutuwa, kashe inji nan take, ka kira makaniki.

5. Bar inji ya yi aiki shi kaɗai, abin da direbobi ke kira ralanti. Ƙaramar mota, ƙirga daga 1 zuwa 60 a hankali. Tarakta da babbar mota, minti 2 zuwa 3. Babbar mota mai birkin iska ta jira har iskar birki ta cika.

6. Tashi a hankali. Minti 10 na farko kada ka matsa wa inji. Idan motarka tana da agogon juyin inji, kada allura ta wuce 2.000 sosai. Kada ka yi tsere, kada ka faɗa cikin rairayi mai zurhi da ƙarhi. Mai tarakta kada ya sa garma a ƙasa tun inji bai ɗumama ba. Tahiya daga gida zuwa gona a hankali ita ce ɗumamawa mai kyau.

7. Idan allurar zahin ruwa ta kai wurin da ta saba tsayawa, ƙara haƙuri na minti 5. Ruwa yana riga mai yin zahi. Daga nan sai ka ba inji aikinsa.

KADA A BAR SHI YA DAƊE YANA RALANTI

Wasu direbobi suna tada mota da asuba su tahi shan shayi, su bar ta rabin awa tana ƙara. Suna zaton gata suke yi mata. Ba haka ba ne. Injin gazuwal ba ya saurin ɗumama idan ba ya jan komi. Gazuwal ba ya ƙonewa duka. Wani ya zama baƙin toka a cikin inji, wani ya gangara ya tsinka mai. Ga kuma asarar gazuwal a banza. Gajeren ralanti, sannan tahiya a hankali, shi ne daidai.

Kuma kada a tada inji cikin ruhaffen ɗaki ko mangaza. Hayaƙin inji yana ɗauke da guba marar wari wadda ke kashe mutum. Kada a hura wuta ƙarƙashin inji don a ɗumama shi. Kada a zuba isansi a bakin iska don ya tashi da sauri. Waɗannan dabaru suna jawo gobara da fashewar inji.

KASHEWA MA TANA DA ƘA'IDA

Wanda ya yi sukuwa da doki ba ya ɗaure shi nan take. Sai ya zaga da shi, gumi ya tsane. Haka turbo yake. Idan inji yana jan kaya, hayaƙin da ke ratsa turbo yana kai digiri 600 har ya wuce. Ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100. Man da ke zagayawa shi ke kwashe wannan zahi. Da an kashe inji, mai ya daina zuwa. Ɗan man da ya rage a ciki sai ya ƙone ya zama kamar ƙanzon tukunya. Sannu a hankali ƙanzon ya toshe hanyar mai.

Saboda haka, bayan doguwar tahiya, ko hawan tudu da kaya, ko yinin huɗa, a bar inji a ralanti minti 2 zuwa 3 kahin a kashe. Idan an shigo gari a hankali, rabin minti ya isa.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari. Direba ya danna wuta da ƙarhi, sannan ya kashe inji. Wannan yana sa turbo ya ɗauki gudu, ya ci gaba da juyawa bayan mai ya yanke.

MAI DA ƘURA

A sayi irin man da littahin injin ya ce. Yawancin taraktoci da manyan motocin gazuwal na ƙasarmu suna aiki da mai lamba 15W40. Lambar farko tana nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi. Idan ta yi ƙasa, man ya hi saurin gudu da sahe. A guji man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba. A yi juyen mai kan lokaci, a canza matatar mai tare da shi. A rubuta ranar da lambar kilomita a cikin kaye.

Iskar hunturu cike take da ƙura. Duk iskar da inji ke shaƙa ta cikin turbo take bi. Ƙura tana cin hukahukan fanka kamar yadda dutse ke cin wuƙa. A riƙa duba matatar iska, musamman a tarakta. Wadda ta huje a canza ta. Kada a taɓa tada inji babu ita.

ALAMOMIN CIWO

Idan ka ga shuɗin hayaƙi, ko mai yana raguwa da sauri, ko mota ta rasa ƙarhin hawan tudu, ko ƴar busar turbo ta koma kuka mai tsanani, kai ta garaji tun da wuri. Turbo da ya lalace yana iya zuba mai cikin inji. Injin gazuwal kuwa yana iya cin wannan mai ya yi ta gudu ko an zare makulli. Idan haka ta faru, taka birki da ƙarhi, sa babban bitesi, ka saki ambirayaji don inji ya mutu. Kada ka sa hannu a bakin iska. Idan ya ƙi mutuwa, kowa ya nisanta.

Shugabannin ƙungiyoyi, motar ƙungiya dukiyar kowa ce. Ku zauna da direbobinku ku karanta wannan takarda tare. Ku rubuta ƙa'ida uku ku liƙa gaban direba: minti ɗaya kahin tashi, minti goma a hankali, minti biyu kahin kashewa. Hausawa sun ce rigakahi ya hi magani. Mai tambaya ya aiko mana da wasiƙa, za mu amsa a shirin manoma.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a noman rani. Amin.