Fijo 404 da Bitil: wacce ta fi dacewa da tsaunukan Jos?

Duk ma'aikacin da ya taɓa tasowa daga Abuja zuwa Jos ta Akwanga ya san Hawan Kibo, inda hanya ke nannaɗe dutse har direba ya koma ƙaramar giya. A irin wannan hawa ne tsofaffin direbobin Filato suke auna mota, kuma a nan aka daɗe ana gardama kan Peugeot 404 da Volkswagen Beetle.

Gardamar ta yi zafi a 1975, shekarar da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna da ta Volkswagen a Legas. Zaɓin ba na wasa ba ne, domin bashin mota shekaru ake yi ana cire shi daga albashi.

A takarda, tazarar a bayyane take. Fijo 404, wadda ta fito a Faransa a 1960, injinta mai cc 1,618 ne, da ƙarfin doki kusan 70, tana kuma taɓa kilomita 140 a awa. Bitil 1200 ta Jamus kuwa cc 1,192 ce, doki 34, gudunta bai cika wuce kilomita 115 ba. Amma Jos tana bisa tudu mai kimanin mita 1,200, inda iska ba ta da kauri, don haka kowane inji irin nasu kan rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Mai doki 70 zai jure wannan ragi; mai 34 kuwa sai ya ji a jikinsa.

Duk da haka, Bitil ba kanwar lasa ba ce. Iska ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto balle ruwa ya tafasa a tsakiyar hawa. Injin yana baya, nauyinsa a kan tayoyin da ke tura motar, shi ya sa take riƙe ƙasa a laka da tsakuwar hanyoyin hakar kuza. Yarbawa sun yi mata laƙabi da kunkuru a harshensu, kuma sunan ya dace: tafiyar hawainiya, amma ana isa.

Inda Fijo ta yi mata fintinkau shi ne ɗaukar kaya. Ƙofa huɗu gare ta, da but mai faɗi, ga ƙafafu masu shanye gargada, waɗanda suka taimaka mata ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu tsakanin 1963 da 1968. Magidanci mai iyali da buhun dankalin Bokkos ba shi da abin yi da Bitil. Ita ta matashin akawu ce da amaryarsa.

Shi ya sa akori-kurar 404 ta ci gaba da jigilar kayan gwari daga ƙauyukan Filato, shekaru bayan yawancin Bitil sun koma kwana a bayan garejin makanikai.