Labaran Mummunar Makoma da Matasa Ke Karantawa

A shekarar 1516 wani masani ɗan Ingila, Thomas More, ya rubuta littafi a kan wani tsibiri da ya ƙirƙira, inda aka tsara rayuwar jama'a tsaf, ya sa masa suna Utopia. Daga wannan suna aka samo kishiyarsa, distofiya, wato ƙagaggen labari na wata al'umma da ke can gaba, wadda masu mulki suka mayar kurkuku da taimakon kimiyya da fasaha. Da farko manya ake rubuta wa irin waɗannan littattafai. Aldous Huxley ya fitar da Brave New World a 1932, George Orwell kuma ya biyo da 1984 a shekarar 1949. Orwell ba baƙo ba ne ga masu karatun Hausa, domin wani littafin nasa ne Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi.

Wadda ta buɗe wa yara wannan ƙofa sosai ita ce Lois Lowry, marubuciya 'yar Amurka, da littafinta The Giver na 1993, wanda ya ci lambar yabo ta Newbery a shekarar da ta biyo baya. Jonas yaro ne ɗan shekara goma sha biyu a garin da babu yunwa, babu yaƙi, babu raɗaɗi. Amma kuma babu launi, babu zaɓi. Dattawa ne ke raba wa kowane yaro sana'ar da zai yi har ya tsufa. Sai daga baya Jonas ya gano cewa abin da ake kira "sallama" a garin kisa ne, har ya ga mahaifinsa ya yi wa jariri allurar mutuwa ba tare da ko gezau ba.

Littafin da ya girgiza kasuwa kuwa shi ne The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008, littattafai biyu na ci gaban labarin suka biyo shi a 2009 da 2010. Ƙasar da ke cikin labarin sunanta Panem, daga kalmar Latin mai nufin burodi. Tana da babban birni ɗaya mai ƙoshi da gundumomi goma sha biyu masu yi masa bauta. Kowace shekara ana jefa ƙuri'a a ɗauki yaro da yarinya daga kowace gunduma, tsakanin shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili su kashe juna, jama'a na kallo a talabijin. Katniss Everdeen, 'yar shekara 16 daga gundumar masu haƙar kwal, ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta. Collins ta ce tunanin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshi, daga gasar nishaɗi zuwa hotunan yaƙin Iraƙi, har suka cakuɗe mata a kai. Ta kuma ɗora da tatsuniyar Girkawa ta birnin Atina, mai aika samari bakwai da 'yan mata bakwai tsibirin Kirit a matsayin haraji.

A ganina, wurin da littafin ya fi kaifi ba fagen kisan ba ne, ƙuri'ar ce. Yaron da gidansu ba abinci yana iya karɓar hatsi da mai daga hukuma, da sharaɗin a ƙara saka sunansa. Saboda haka sunan Katniss ya shiga sau ashirin, na abokinta Gale sau arba'in da biyu, ɗan mai hali kuwa bai wuce abin da doka ta wajabta ba. A ido kowa daidai yake, alhali talaka ya sayar da ransa da mudun hatsi. Matashin da ya karanta wannan ba ya buƙatar malami ya bayyana masa yadda talauci ke zaɓen wanda za a tura gaba.

Nan ne sirrin karɓuwar waɗannan littattafai yake. Mai karatunsu yana shekarun da manya ke yanke masa hukunci: jarrabawa ta ware shi, iyaye su zaɓa masa hanya, a ce ya yi shiru. Shi ya sa kusan dukkansu suna da ranar rabo. A Uglies na Scott Westerfeld, na 2005, tiyatar gyaran kamanni ake yi wa kowa a shekara 16. A Divergent na Veronica Roth, na 2011, rukuni biyar aka kasa mutanen Chicago. Da yawa daga waɗanda suka biyo sahu sun ɗauki siffar sun bar ruhin, suka cika shafuka da soyayya da guje-guje.

Akwai iyayen da ke ƙorafi cewa jinin ya yi yawa, kuma an sha neman a cire The Giver daga makarantun Amurka. Damuwarsu abin saurare ce, musamman game da ƙananan yara. Sai dai littattafan kirki daga cikinsu ba sa ƙawata kisa. Katniss ta tsira da rai, amma mugayen mafarkai ba su rabu da ita ba har ƙarshen labari.

Wani abu kuma ya tsallako daga takarda zuwa titi. A labarin The Hunger Games, mutanen gundumomi kan ɗaga yatsu uku don girmamawa da nuna ƙin zalunci. Bayan juyin mulkin sojoji a Tailan a 2014, masu zanga-zanga sun ɗauki wannan alama, har aka tsare wasu ɗalibai saboda ita. Da sojoji suka ƙwace mulki a Myanmar a watan Fabrairun 2021, yatsun nan uku ne dubban matasa suka ɗaga a titunan Yangon.